Jarrabawar da Ta Haifi Kare

Duk mai yawo a Facebook ko TikTok da wuya a ce bai taɓa cin karo da irin bidiyon nan ba: fili kore shar, garken tumaki can nesa, ga wani kare mai baƙi da fari ya sunkuyar da kai yana sanɗa kamar mafarauci. Ba haushi, ba cizo. Mutum ɗaya na tsaye yana fito, karen na karkata dama da hagu, tumakin kuwa na tafe a layi kamar an ja su da igiya, har su shige wani ɗan shinge a rufe ƙofa. Wasu masu kallo kan ce wannan kare ya fi wasu mutanen hankali, wasu su ce ai haɗin kwamfuta ne.

Ba haɗi ba ne. Gasa ce da aka shafe sama da shekara 150 ana yi a Birtaniya, kuma ita ce ta samar da karen da ake gani, wanda ake kira Border Collie. Yawancin nau'o'in karnukan Turai na yau da ido aka ƙera su: a zauna a rubuta yadda ake son kunne ya kasance, da tsawon ƙafa, da launin gashi, sannan a riƙa haɗa waɗanda suka dace da rubutun. Wannan kuwa da jarrabawa aka ƙera shi. Makiyaya ne suka tsara aiki, suka ce karen da ya iya shi, shi za a nemi irinsa, ko da kunnensa ɗaya a tsaye yake ɗaya a kwance. Tarihin gasar tarihin wannan zaɓi ne.

Ƙasar da makiyayi ke bin tumaki

A yawancin sassan duniya, aikin karen makiyayi gadi ne. Yana kwana tare da garke don ya kori kyarkeci ko kura ko ɓarawo. Haka yake a tsaunukan Turkiyya da Sifen, haka kuma karnukan Buzaye na yankin Azawak suke tsaron zango da dabbobi. Ko a fiƙihu, inda aka halatta ajiye kare, farauta aka ambata da tsaron dabbobi da na gona. Juya garke kuwa aikin mutum ne. Makiyayinmu yana gaba da sanda a kafaɗa yana kira, shanu na biye da shi domin sun san muryarsa, yara kuma na gefe suna tare masu fanɗarewa.

Birtaniya tsibiri ce, kuma ta ƙarar da kyarketanta da wuri. A Ingila sun ɓace tun wajen farkon ƙarni na 16, a Sikotland kuma suka biyo baya. Da babu mai cin tumaki, sai aka daina tsaron su dare da rana. Aka sake su a kan tuddai su warwatsu, kowace tunkiya ta nemi ciyawarta, su yi kwanaki ba mutum kusa da su. Tunkiyar da ta tashi haka ba ta san muryar kowa ba. In ta hango mutum, guduwa take yi.

Wani likita mai suna John Caius ya lura da wannan tun 1570, a littafin da ya rubuta da harshen Latin a kan karnukan Birtaniya. Ya bayyana cewa karen makiyayin ƙasarsu ba ƙato ba ne, tun da ba shi da kyarkecin da zai yi faɗa da shi, kuma da murya da fito da alamar hannu ake sarrafa shi. Ya kuma nuna cewa a wasu ƙasashen tumaki ke bin makiyayi, amma a tasu makiyayi ke bin tumaki. To, mutum mai ƙafa biyu ba ya iya bin tumaki ɗaruruwa da suka watsu a kan dutse. Dole ya sami wanda zai yi masa gudun.

Abin da makiyayan suka yi shi ne suka ari farautar kyarkeci suka datse mata ƙarshe. Kyarkeci kan hango dabba, ya kafe ta da ido, ya yi sanɗa, ya kewaye ta, ya kora, ya kama, ya kashe. Makiyaya suka riƙa ajiye karnukan da ke da matakan farko da ƙarfi, suna kawar da masu kamawa da kisa. Shi ya sa ɗan kwikwiyon wannan iri, ranar da ya fara ganin tumaki, yakan zagaya can bayansu ya tsaya daura da ubangidansa, ya sa su a tsakiya. Ba a koya masa wannan. Abin da ake koya masa shi ne yaushe zai yi, ta wane gefe, da yaushe zai bari.

James Hogg, makiyayi kuma marubuci daga Ettrick a kudancin Sikotland, wanda ya rayu daga 1770 zuwa 1835, ya yi nuni da cewa ba don kare ba, mutanen da za a ɗauka su tattaro garke ɗaya daga dutse sun fi ƙarfin ribar garken. Maganarsa yabo ce ga kare, amma tana da ɗaci a ƙarƙashinta. Daga ƙarshen ƙarni na 18, masu filaye a tsaunukan arewacin Sikotland suka gano cewa tumaki sun fi manoma 'yan haya kawo kuɗi, domin masana'antun saƙa na neman ulu. Sai suka shiga tashin ƙauyuka. A 1792 mutanen yankin Ross suka taru suka kori garkunan tumaki don nuna ƙin amincewa, aka turo musu sojoji. Har yau ana kiran shekarar da sunan Shekarar Tumaki. A 1814 aka ƙona gidaje a kwarin Strathnaver, kuma Patrick Sellar, wanda ya jagoranci tashin, ya gurfana gaban kotu a 1816 aka sallame shi. Kwarin da a da yake ciyar da iyalai da yawa ya koma hannun makiyayi ɗaya da aka ɗauko daga kudu, shi da karnukansa. Karen ba shi da laifi, amma shi ne na'urar da ta sa lissafin ya yiwu.

Shekara ɗaya, hanya biyu

A 1873 abubuwa biyu suka faru a Birtaniya waɗanda suka raba hanyar kare gida biyu. A watan Afrilu wasu masu hali suka kafa ƙungiyar Kennel Club a Landan, don tsara bikin nunin karnuka da rubuta nasabarsu. Nunin ya riga ya zama abin yayi tun wanda aka yi a Newcastle a 1859, kuma Sarauniya Biktoriya da kanta tana ajiye karnukan makiyayan Sikotland, abin da ya sa manyan gari suka shiga nemansu. A fagen nuni, alƙali na duba kare ne a tsaye: sheƙin gashi, siririn baki, yadda jela ta sauka.

A ranar 9 ga Oktoba na wannan shekarar kuma, wani mai filaye da ake kira Richard John Lloyd Price ya tara makiyaya a wani fili kusa da garin Bala a ƙasar Wales, don a ga karen wa ya fi iya aiki. Karnuka goma suka shiga, 'yan kallo kusan 300 suka halarta. Wani makiyayi ɗan Sikotland mai suna Thomson, wanda ke aiki a Wales, shi ya yi nasara da karensa Tweed. Ba ita ce ta farko a duniya ba, domin jaridun Niyu Zilan sun ba da labarin irinta a Wanaka tun 1867. Amma daga ta Bala ne abin ya yaɗu a Birtaniya, ƙauye bayan ƙauye.

Bayan shekara uku hanyoyin biyu suka yi karo. A 1876 aka shirya gasa a filin Alexandra Palace da ke Landan, aka kawo tumakin tsaunukan Wales, waɗanda aka sani da zafin gudu. Karnukan nuni masu kyan gashi suka shiga, suka yi ta haushi, tumaki suka watse musu. Wata jar karya mai suna Maddie, ta wani makiyayin Wales da ake kira John Thomas, ita ta cinye. Hausawa sun riga sun faɗa: ba girin-girin ba, ta yi mai. Daga nan kowa ya kama gabansa. Masu nuni suka ci gaba da tsawaita baki da cika gashi har suka sami wani kare daban, makiyaya kuma suka koma ga filinsu.

Gasar ba ta tsaya ga tantance karnuka kawai ba, har salon makiyaya ta sauya. A da, aikin ya ƙunshi ihu da ɗaga hannu da kaɗa sanda, kare na haushi, tumaki na firgita. A gasar Hawick ta 1883 wani makiyayi mai suna William Wallace daga Otterburn ya ba mutane mamaki da ya sarrafa karensa cikin natsuwa, da ɗan fito ƙasa-ƙasa. Gani ya kori ji. Waɗanda suka gani suka koma gida suna neman karen da zai iya jin magana a hankali.

Yadda ake shata filin

Kowane mataki na gasar kwaikwayon wani aiki ne da makiyayi ke yi a kan dutse. A gasar ƙasa, ana ajiye tumaki biyar a nisan yadi 400 daga turken da makiyayi zai tsaya. Minti 15 aka ba shi, maki 110 ne a gabansa, kuma ba a ƙara masa ko ɗaya. Da cikakken maki ake farawa, alƙalai su riƙa zaftarewa a kan kowane kuskure.

Da farko makiyayi zai tura karen, ta dama ko ta hagu. Karen zai yi gudu yana buɗewa, ya yi baka mai faɗi don kada tumakin su ankara da shi, har ya ɓullo ta bayansu. Wannan maki 20 ne, kuma duk ƙarin umarni da aka ba shi a hanya asara ce, domin a kan dutse sau da yawa kare kan ɓace wa ganin ubangidansa, dole ya san abin yi da kansa. Sai tayarwa, mai maki 10, wadda ba ta wuce 'yan daƙiƙu. Nan ne tumakin ke fara haɗa ido da karen, su yanke shawarar ko za su bi shi, ko su raina shi, ko su tsorata. Masana gasar kan ce yadda tayarwa ta kasance haka sauran aikin zai kasance. Daga nan ya kawo su a miƙe zuwa ga makiyayi, su ratsa ta wata ƙofa mai faɗin yadi 7 a tsakiyar hanya, maki 20.

Mataki na gaba shi ne mafi tsada, maki 30, kuma shi ne mafi saɓa wa ɗabi'ar karen. Jininsa na ce masa ya kawo tumaki ga ubangidansa. Yanzu kuwa za a ce ya kora su nesa da shi, ya ratsa da su ƙofa ɗaya, ya juya su su ƙetare filin zuwa ƙofa ta biyu, ya dawo da su, tafiyar yadi 450 mai kusurwa uku. Duk wannan makiyayi na kan turkensa, ba abin da ke haɗa shi da karen sai fito. Akwai fiton kewayawa ta hagu, da na dama, da na tsayawa, da na matsowa, da na sassautawa. Tsawon fiton da kaifinsa ma magana ne: gajere na nufin ɗan gusa, dogo na nufin buɗe sosai.

Sai a shiga wani da'ira mai faɗin yadi 40, inda makiyayi zai bar turke su yi aiki tare. Biyu daga cikin tumakin na ɗauke da jan ƙyalle a wuya. Za a ware biyu daga cikin marasa ƙyalle, karen ya shiga tsakani ya riƙe su. Sannan a haɗa su, a shigar da duka biyar cikin ɗan shinge, makiyayi na riƙe da igiyar ƙofa, ba shi da izinin sakinta ko tura tunkiya da hannu. A ƙarshe a fito da su a tsame ɗaya mai ƙyalle, karen ya tsare ta ita kaɗai alhali duk hankalinta na ga 'yan'uwanta. Kowanne cikin ukun nan maki 10 ne. Haka makiyayi ke yi in zai cire marar lafiya ko wadda za a kai kasuwa. Karen da ya ciji tunkiya ba dalili kuwa, an fitar da shi ke nan.

Ingila da Sikotland da Wales da Ayaland kowace kan fitar da karnuka 15 zuwa gasar shekara-shekara ta ƙasashen huɗu. Cikin 60 ɗin nan, 15 ke kai wa ga zagayen ƙarshe. A nan tumaki 20 ne, an raba su goma-goma a kusurwoyi biyu masu nisan kusan yadi 800, lokaci kuma minti 30. Kare zai tattaro goman farko, ya kawo su tsakiyar fili, sai a yi masa fiton da ke nufin ya bar su ya juya baya ya nemo wasu da watakila bai ma gan su ba. Babu abin da ya fi wannan wuya ga kare: ya saki abin da ke gabansa don kawai ubangidansa ya ce akwai wani can.

Littafin nasaba da ba ya tambayar launi

A watan Satumba na 1893, a yankin Northumberland da ke kan iyakar Ingila da Sikotland, wani manomi mai suna Adam Telfer ya haɗa karnukansa biyu: Roy mai sanyin hali, da Meg, baƙar karya mai kaifin ido. Ɗansu shi ne Old Hemp. Ya yi suna da aiki ba hayaniya, da ido kawai yake juya garke. Makiyaya suka yi ta kawo karnukansu mata gare shi, kuma kafin ya mutu a 1901 an ƙiyasta ya haifi 'ya'ya sama da 200. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe: jikokinsa ne suka mamaye gasar a rabin farko na ƙarni na 20.

A 1906 makiyaya da manoma suka taru a Haddington ta Sikotland suka kafa ƙungiyar karnukan kiwo ta ƙasa da ƙasa, wadda aka fi sani da ISDS. A wannan shekarar ta yi gasarta ta farko a Gullane, inda Richard Sandilands da karensa Don suka yi nasara. James Reid, wanda ya zama sakatarenta a 1915, shi ya fara amfani da sunan Border Collie, wato karen makiyayan kan iyaka, don bambanta shi da ɗan'uwansa na fagen nuni. Shi ne kuma ya ɗauki nauyin tattara nasabar karnukan, aikin da ya zama littafin rajistar ƙungiyar.

Abin lura a littafin shi ne abin da babu a cikinsa. Bai ƙayyade launi ba, ko tsayi, ko fasalin kunne. Har yau karen da iyayensa ba su da rajista yana iya shiga, in an gwada shi a gaban alƙalai an ga ya iya aiki. Ƙofar ke nan, kuma a buɗe take.

Kare biyu masu suna kusan ɗaya sun nuna fuska biyu ta wannan tsari. Na farko shi ne Cap na J. M. Wilson, mutumin da ya lashe babbar gasar sau tara. An haifi Cap a 1937, kuma ƙuruciyarsa ta faɗa cikin Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da aka dakatar da gasar. Bai taɓa ɗaukar babban kofi ba, amma makiyayan da suka ga aikinsa a kan dutse suka yi ta neman irinsa. Na biyu shi ne Wiston Cap, wanda aka haifa a 1963, ya lashe babbar gasar a 1965 a hannun John Richardson bai cika shekara biyu ba. Daga nan kowa ya ce sai shi. Jininsa ya cika littafin har ya zama da wuya a sami karen gasa da ba ya cikin nasabarsa. Nasara ce, amma tana da haɗari: in kowa na ɗibar ruwa a rijiya ɗaya, duk abin da ya faɗa cikinta kowa zai sha. Shi ya sa ƙungiyar ta shigo da gwajin ido don tsare irin daga cututtukan gado.

Daga dutse zuwa talabijin

A ranar 17 ga Fabrairu, 1976, BBC ta fara nuna wani shiri mai suna One Man and His Dog, Phil Drabble na gabatarwa. Ba wanda ya zaci mutanen birni za su zauna kallon tumaki, amma a farkon shekarun 1980 masu kallonsa sun kai miliyan 8. Duk da sunan shirin na cewa mutum namiji da karensa, Katy Cropper ta lashe shi a 1990, sannan a 1996 Julie Simpson da karenta Moss ta zama mace ta farko da ta ɗauki babban kofin ISDS.

A 2002 aka fara gasar duniya, wadda ake yi duk bayan shekara uku, kuma aka mai da ta farko garin Bala inda abin ya samo asali. Aled Owen na Wales ya cinye da karensa Bob. A 2017 aka yi ta a Holan, kofin ya tafi Norwe a hannun Jaran Knive. Kuɗi ma ya shigo. A Fabrairun 2020 aka sayar da wata karya mai suna Megan a kasuwar Skipton kan fam 18,900 ga wani mai kiwon shanu a Amurka. Shekara ɗaya bayan haka wata mai suna Kim, 'yar wata 12, ta kai fam 27,100.

Suna ya jawo tsohuwar rigima. A 1976 Kennel Club ta amince da Border Collie a matsayin karen nuni, ta rubuta masa siffa. A Amurka makiyaya suka yi shekaru suna faɗa don hana irin haka, marubuci Donald McCaig na cikin na gaba-gaba, amma a 1995 ƙungiyar nunin karnuka ta Amurka ta amince da shi duk da ƙin da suka yi. Hujjarsu ɗaya ce: ranar da aka fara ba da kofi don kyan gashi, gashi za a haifa. Har yau babbar ƙungiyar masu karen aiki a Amurka tana soke rajistar duk karen da ya zama zakaran nuni.

Iyakar kowace jarrabawa

Mu masu rubuta manhaja mun san wannan hanya. Akwai salon aiki inda ake rubuta gwajin kafin a rubuta manhajar: a fara bayyana abin da ake so ta yi, sannan a yi ta gyara har ta tsallake. Mun kuma san tarkonsa. Manhaja kan tsallake duk gwajin da aka rubuta mata, ta je hannun mutane ta faɗi, domin gwajin bai hango komai ba. Masanin tattalin arziki Charles Goodhart ya yi suna da wannan lura tun 1975: da zarar ma'auni ya zama abin da ake nema, ya daina auna gaskiya.

Makiyayan tsauni sun daɗe suna wannan ƙorafi. Tumaki biyar a shimfiɗaɗɗen fili na minti 15 daban suke da ɗaruruwan tumaki masu 'ya'ya a kan dutse cikin hazo, daga asuba har la'asar. Kare mai taushi, wanda ke jiran fito kafin ya ɗaga ƙafa, yana iya zana miƙaƙƙen layi ya burge alƙali, amma ya kasa tunkarar tsohuwar tunkiya da ta juyo ta buga ƙafa a ƙasa. Abin da ya tsare gasar daga lalacewa shi ne yawancin masu sayen 'ya'yan zakarun manoma ne da ke da garke na gaske a gida. In kwikwiyo ya kasa aiki, labari zai zaga kasuwa. Wato bayan jarrabawar fili akwai wata jarrabawar da ba ta da kofi, kuma ita ke da magana ta ƙarshe. Labarin Cap na lokacin yaƙi shaida ne.

Masu ilmin kwamfuta ma sun gwada ƙwace aikin. A ƙarshen shekarun 1990 Richard Vaughan da abokan aikinsa a Ingila suka ƙera wata na'ura mai taya da ke tattara agwagi. A 2014 Daniel Strömbom na Jami'ar Uppsala da Andrew King na Jami'ar Swansea, tare da wasu, suka wallafa sakamakon wani bincike inda aka ɗaura na'urar GPS a jikin tumaki 46 da kare ɗaya a Ostireliya. Suka gano cewa ƙa'idoji biyu kacal sun isa su kwatanta yawancin motsin karen: in garken ya buɗe, je ka tattaro, in ya dunƙule, tura shi gaba. Abin na aiki ne saboda tunkiya in ta ji tsoro tsakiyar garke take nema. Bincike ne mai kyau, kuma ana amfani da irinsa wajen tsara na'urori masu sarrafa kansu. Amma ƙa'idojin biyu kora suke bayyanawa. Ba su ce komai ba a kan 'yan daƙiƙun tayarwa, lokacin da kare ke karanta wace tunkiya ce jagora, ko a kan tsame ɗaya daga cikin biyar, inda ake son garken ya rabu ba ya dunƙule ba. Waɗannan makiyayan da ba su san lissafin kwamfuta ba sun sa su cikin jarrabawarsu tun da daɗewa.

Darasin da ke ciki a gare mu ba na shigo da karen Sikotland ba ne. An yi shi ne don ƙasa mai sanyi, marar kura, mai tumakin da ke gudun mutum. Kiwonmu daban yake. Darasin na ma'auni ne. Mun iya mai da sana'a gasa, ga bikin kamun kifi na Argungu nan tun 1934. Amma a kasuwar ragon layya girma da ƙaho da kyan gani ke yanke farashi, haka ma a yawancin nune-nunen dabbobi. Saniyar da ke jure doguwar tafiyar rani ta kuma ba da nono, ko tunkiyar Uda da ba ta zubar da ɗa a shekarar fari, makiyayi ya san su ɗaya bayan ɗaya, sai dai sanin yana cikin kansa, ba fili ba littafi. Abin da aka tara jama'a aka ba wa kofi, shi masu kiwo za su nema, shi kuma za a gada.

Tambarin ƙungiyar ISDS hoton kare ne, an ɗauko shi daga Wiston Cap. Ba a zana shi a tsaye ya ɗaga kai don a ga ƙirarsa ba. An zana shi ya sunkuya, kafaɗa a ƙasa, jela a sauke, ido a kan tumakin da ba sa cikin hoton. Ƙungiyar da ta ƙi rubuta yadda karenta zai yi kama, da aka ce ta zaɓi hoto, sai ta zaɓi hoton aiki.